Tambayoyi da amsoshi kan yadda ake binciken tsoffin wuraren haƙar zinare da tama a Sudan

Jama'a salamu alaikum. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan zuwa min, wasu daga samarinmu na Gadarif da Mai Wurno da Damazin masu tafiya arewa neman dahab, wato zinare, wasu kuma daga ɗalibai masu sha'awar ilimin kufai. Wasu na amsa su a gajarce, wasu kuma na ja su don sun cancanci a ja.

Wai shi wannan binciken ba tono ba ne kawai?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Aikin kashi biyu ne. Akwai tono, wanda ake yanka fili a riƙa ɗebe ƙasa da cokalin magina sannu sannu, sannan akwai zagayen duba ƙasa wanda ko shebur ba a sawa, ido ne da ƙafa da littafin rubutu da GPS. Toh a wurin haƙar ma'adinai zagayen nan ya fi tono amfani nesa ba kusa ba, don wurin ba gida ɗaya ba ne. Ramin yana can a jikin dutse, inda ake fasa dutsen yana gindin tsaunin, inda ake niƙa yana gaba, wurin wanki kuma sai inda ruwa yake ko da kilomita nawa ne, ga kufan ɗakunan ma'aikata, ga maƙabartarsu, ga hanyar da jakuna suka bi har ta zama sawu a kan tsakuwa. Duk wannan aiki ɗaya ne da ya bazu a cikin kwari guda, kuma abin da mai bincike yake so shi ne ya san me ke ina, kusa da me. Dutsen niƙa da aka ɗauko aka kawo Khartum ba tare da an rubuta inda yake ba, ya koma dutse kawai.

Sudan tana da tsoffin ma'adinan da suka kai a yi musu wannan wahalar?

Sosai ma. Saharar da ke tsakanin Nilu da Bahar Maliya, wato yankin Wadi Allaƙi da Wadi Gabgaba da duwatsun ƙasar ƙabilar Beja, nan ne Fir'aunoni suka riƙa samun kaso mai tsoka na zinarensu, musamman tsakanin wajen 1550 zuwa 1070 kafin miladiyya. Kafin su ma mutanen masarautar Kerma suna wankin zinare a bakin kogi: a 2007 masu bincike daga Jami'ar Shikago sun samu duwatsun niƙa sama da 55 a Hosh al-Guruf, lokacin da ake ta sauri a ceci abin da za a iya kafin ruwan dam ɗin Marawi ya shanye yankin.

Bayan zuwan Musulunci an sake yin wata rububin a ƙarni na 9. Larabawan Rabi'a da Juhaina suka kwararo Wadi Allaƙi, har ta kai a 855 Halifa Mutawakkil ya turo runduna ta yaƙi Beja saboda sun tare hanyar ma'adinan. Sai Turawan Ingila a farkon ƙarni na 20, waɗanda suka sake buɗe tsoffin ramuka a wurare irin su Jabait da Umm Nabardi. Sai kuma mu yanzu. Kaga kenan rami ɗaya zai iya ɗauke da hannun mutanen zamani huɗu ko biyar, kowa ya zo ya ci ta kan na gabansa.

Ɓangaren ƙarfe kuma sai tsohon birnin Marawi na Bajrawiya kusa da Shandi, ba Marawin dam ba, inda kashin tama, wato dattin da ke saura bayan an narka tama, ya taru tsibi tsibi kamar tuddai, har layin dogo ya ratsa ta tsakiyar ɗaya daga ciki. An shafe sama da shekara 1000 ana narka tama a wurin.

Daga ina ake farawa?

Daga kan tebur, kafin a ɗura wa mota mai. Ana tattara tsoffin taswirori na zamanin Ingila, da rahotannin masu ilimin duwatsu, da abin da mutanen da suka rubuta. Akwai wani allon dutse da aka samu a Kuban, a bakin Wadi Allaƙi, na zamanin Fir'auna Ramsis na 2, yana ba da labarin yadda ƙishirwa take kashe masu wankin zinare da jakunansu a hanyar Allaƙi, babansa Seti ya sa an haƙa rijiya kamu 120 ba a samu ruwa ba, shi kuma aka samu a kamu 12. Cire kirarin sarki a gefe, abin da mai bincike ya ɗauka a nan shi ne ruwa ne yake yanke inda za a yi aiki, don haka nemi tsoffin rijiyoyi zaka samu sansani. Akwai kuma taswirar da aka zana wajen 1150 kafin miladiyya ta Wadi Hammamat a Masar, tana gidan tarihin Turin a Italiya, har launin duwatsu aka nuna a ciki da gidajen masu aikin zinare. Marubucin Larabci Yaƙubi ma a ƙarni na 9 ya lissafa ma'adinan Allaƙi da ƙabilun da ke cikinsu.

Sai hotunan tauraron ɗan adam. Sahara ba ciyawa ba bishiya, saboda haka a Google Earth kaɗai zaka ga layin ramuka suna bin jijiyar farin dutse, da ƙananan da'irori na kufan ɗakuna a jere a bakin kwari. Mafi daraja a wurina su ne hotunan leƙen asirin Amurka da ake kira CORONA, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972 aka saki a 1995, don suna nuna ƙasar tun kafin loda da boklen, wato manyan motocin kwasa da haƙa ƙasa, su shiga. In ka ɗora na da a kan na yanzu, duk babban ramin da babu shi a tsohon hoto ka san ba na Fir'auna ba ne.

In an isa filin me ake yi takamaimai?

Tafiya. Ana fita da sanyi, daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, kuma ana farawa ne da an idar da asuba, ba don gudun zafi kaɗai ba, a'a hasken safiya yana zuwa a kwance sai ramin da bai wuce zurfin gwiwa ba ya yi inuwa ka gan shi, da rana ta take kuwa komai ya baje ya zama fari fat. Mutane suna jeruwa a sahu da tazarar mita 10 ko 20 tsakaninsu, kowa ido a ƙasa, a miƙe har ƙarshen filin da aka yanka sannan a juyo. Wanda ya ga wani abu ya tsaya ya kira, tsingaro ne ko gudumar dutse ko tarin farin dutse da aka farfasa, sai a ɗauki lambar GPS, a ajiye sandar awo da kibiya mai nuna arewa a ɗauki hoto, a cike takarda. Yawanci abin a nan ake barinsa, kaɗan ake ɗauka, kamar bakin tukunya ko gindinta da zasu iya nuna zamani.

Har inda ba a samu komai ba ana rubutawa, kuma wannan ne sababbin shiga suke gani kamar ɓata lokaci. Amma in baka rubuta cewa an taka kwarin nan ba a ga komai ba, wanda zai zo bayanka ba zai san ko babu ba ne ko ba a je ba.

Yanzu ana haɗawa da diron, ɗan jirgin nan marar matuƙi, a tashe shi ya ɗauki ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar ƙasar da tudu da kwari, daga nan a iya lissafa yawan ƙasar da aka fitar daga rami. Amma duk na'urar nan ba ta kai ɗan jagora daga ƙabilun makiyayan yankin, Babishare ko Ba'abbade da ya yi kiwon raƙuma a wurin ba. Shi ya san wace rijiya ce ke da ruwa, ya san kwarin da mota za ta kafe, kuma sau da yawa shi ke cewa akwai wasu duwatsu masu rami a bayan tsaunin can.

Ya ake bambance tsohon rami da na dahhaban bara, wato masu neman zinare na yanzu?

Launi ne na farko. Dutsen da ya daɗe a rana a sahara yana yin wani baƙin shafi mai sheƙi a bayansa, toh tarin da aka fitar shekaru dubbai ya koma launi ɗaya da tsaunin, sabo kuwa fari ne ko ja yana haske daga nesa. Na biyu siffa: mutanen da suna bin jijiyar ne kawai, ramin ƙunci ne sosai wani wurin da ƙyar kafaɗa za ta shige, suna barin ginshiƙan dutse don kar ya rufta, kuma da wuya su wuce zurfin mita 30 saboda iska. A bango zaka ga sawun kurfi ko gurbin guduma. Na Turawa yana da ramin dalamit zagayayye da guntayen ƙarfe da kwalabe, na yanzu kuwa ga sawun taya ga buhunan roba ga gwangwanin sardin da batiran jihaz, wato na'urar gano ƙarfe a ƙasa.

Na ji ana cewa da dutsen niƙa ake gane zamani, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma wannan ne ya fi burge ni a duk fannin. Wasu Jamusawa mata da miji, Rosemarie da Dietrich Klemm, ita masaniyar tarihin Masar shi masanin duwatsu, sun zagaya wuraren zinare wajen 250 a Masar da Sudan tsakanin 1989 da 1999, suka lura kayan aikin suna canzawa da zamani. Mafi tsufa manyan gudumomin dutse ne da ake kamawa da hannu biyu a daki jijiyar kai tsaye. A zamanin su Ramsis sai ga dutsen niƙa mai kwarmi a tsakiya da ɗansa da ake gogawa gaba da baya, sak irin wanda kakanninmu suke niƙa gero a kai, sai dai wannan farin dutse yake ci. Zamanin Girkawan Masar aka zo da wanda ɗan nasa yake da kunnuwa biyu na riƙewa. Daga zamanin Rumawa zuwa na Larabawa kuma sai mai zagaye, faifai biyu ɗaya kan ɗaya da rami a tsakiya ana juyawa da sanda. Saboda haka in ka shiga kwari ka tarar da masu zagaye birjik tare da tsingaro mai sheƙin gilashi, ka san kana cikin zamanin Musulunci ne.

Wurin wankin ma yana nan a wurare da dama: wani gini ne na duwatsu mai gangara, tsawon 'yan mitoci, da ɗan kwarmi a sama da wani a ƙasa da magudanar da ke maido da ruwan don kar a yi asararsa. Gefensa zaka ga tarin gari mai laushi launin toka ko ruwan hoda, wato karta, ragowar garin dutse bayan an wanke zinare, ta mutanen da kenan. Wani Bagirke mai suna Agatarkides ya bayyana aikin tun ƙarni na 2 kafin miladiyya, ya ce ana hura wa dutsen wuta ya tsage, yara su shiga su kwaso, ƙarti su daka, mata da tsofaffi su niƙa, sannan a wanke a kan allo mai gangara, kuma yawancinsu fursunoni ne da bayi a cikin mari. In ka tsaya kan tarin duwatsun niƙan da suka lotsa har suka huje, zaka gane ba ƙaramin ƙarfin mutane aka ci a wurin ba.

Amma fa a yi hattara, don Larabawan ƙarni na 9 sun sha ɗaukar duwatsun niƙan zamanin Fir'auna su sa a bangon ɗaki. Shi ya sa ba a yanke hukunci da abu ɗaya. Dubi Darahib a can ƙuryar Wadi Allaƙi: a 1989 wasu 'yan uwa biyu 'yan Italiya, su Castiglioni, suka ce sun gano birnin zinare na Girkawa da ake kira Berenike, labari ya zaga duniya, amma gine-gine da tukwanen da ke wurin mafi yawansu na zamanin Musulunci ne, kuma masu bincike daga Rasha da suka yi aiki daga baya sun fi karkata ga cewa shi ne garin Allaƙi da marubutan Larabawa suka ambata.

Suna amfani da jihaz irin namu?

Ba kasafai ba. Nasu daban ne. Akwai magnetomita, wadda mutum ke ratayawa yana tafiya a layi, tana jin inda wuta ta taɓa cin ƙasa, don haka murhun narka tama ko wurin gasa tukwane yana fitowa ɓaro ɓaro a hoto. Akwai rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa, tana son busasshen yashi. Akwai mai aika lantarki ta cikin ƙasa a auna yadda yake ratsawa, ita kuma a sahara sai an jiƙa gindin ƙusoshin da ruwa kafin ta yi aiki. A Bajrawiya, ayarin da Jane Humphris ta jagoranta daga 2012 ya haɗa magnetomita da ta lantarkin a kan tudun kashin tama don a san me ke ciki kafin a yanka, kuma da haka aka kai ga wurin murhu a ƙarƙashin tudun. Ita magnetomita kaɗai ruɗewa take a irin wurin saboda ko'ina ƙarfe ne.

Akwai kuma wata 'yar na'ura kamar bindiga da ake ɗorawa a jikin dutse ko kashin tama ta harba hasken eksire ta faɗi sinadaran da ke ciki nan take. Tana taimakawa wajen zaɓen abin da za a kai ɗakin gwaji, amma fatar dutsen kawai take karantawa.

Shekarun fa, ya ake ƙirga su?

Da gawayi mafi yawa. Duk abu mai rai yana ɗauke da kabon 14, in ya mutu sai ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya duk shekara 5730, daga abin da ya rage ake lissafi. Gawayin da ya maƙale a cikin kashin tama shi ne mafi kyau don babu shakka na wutar aikin ne. Matsalar sahara ita ce itace yana iya kwanciya ɗaruruwan shekaru bai ruɓe ba kafin wani ya tsince shi ya hura, sai lissafin ya fi aikin tsufa, shi ya sa ake fifita ƙananan rassa da iri da kashin awaki. Gawayin nan kuma yana faɗin irin bishiyar, a Bajrawiya an duba aka ga kusan duk bagaruwa ce, wadda ake kira sunut a nan, maƙeran sun riƙe ta ƙarni bayan ƙarni basu canza ba.

Ana shiga cikin ramukan?

Sai dole, da hular kwano da igiya da wani a waje. Rufi yana ruftawa, iska tana ƙarewa, ga macizai da kunamu. Yawanci daga baki ake aunawa.

Malam ka faɗa mana gaskiya, ba zinaren suke nema a ɓoye ba?

Na san da wuya a yarda, mutum ya taso daga Jamus ya zo yana tsintar tsingaro a rana. Amma babu ayarin da ke fita sai da lasin daga hukumar kayan tarihi da gidajen tarihi ta ƙasa, kuma sai an haɗa su da mufattishi, wato jami'in sa ido, ɗan Sudan da ke tare da su dare da rana. Abin da yake gaskiya shi ne kamfanonin haƙa suna karanta rahotannin nan, don tsohon rami alama ce ta jijiya, kuma dahhaba ma ai haka suke yi, kowa ya san inda aka ga aikin mutanen da nan ake fara sa jihaz. Wannan ya sa masu bincike da yawa suka daina buga ainihin lambobin GPS a fili.

Toh mu da muke neman abinci, laifin me muka yi?

Ni ba zan zagi wanda ya bar gida don ciyar da iyayensa ba. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinare ne ya riƙe gidaje da yawa, har da namu. Mai jihaz da ɗan diga ɓarnarsa kaɗan ce. Loda ce matsalar, wadda ke kankare fuskar kwari gaba ɗaya don a bi bayanta da jihaz, cikin yini guda ɗakuna da duwatsun niƙa da kaburbura sun zama tari ɗaya, sai kuma masu sayen karta da ke kwashe har tsohuwar su kai inda ake tatsar zinaren da gubar sayanaid.

Abin da ya faru a Jabal Maraga a saharar Bayuda, wajen kilomita 270 arewa da Khartum, ya isa misali. A Yulin 2020 jami'an kayan tarihi suka isa suka tarar da mutum 5 da injin haƙa 2 sun yanka rami mai zurfin mita 17 da tsawon mita 20 a wurin da ya kai shekara 2000. Ƙasar wurin tana da wani dutse mai ƙarfe da ke sa jihaz kuka, shi suka bi. An kai su wurin 'yan sanda, cikin 'yan awoyi aka sake su.

In na ci karo da irin wannan wurin me zan yi?

Kar ka ɗaga komai daga inda yake. Ɗauki hoto daga nesa yadda tsaunin zai fito, sannan na kusa da wani abu a gefe da zai nuna girma, ko takalminka ne, ka kunna wurin da kake a waya ka ajiye lambar. In akwai rubutu ko zane a jikin dutse kar ka bi shi da alli ko ka zuba ruwa don ya fito. Ka kai wa ofishin kayan tarihi na jiha, kar ka watsa lambar a Facebook. A dokar 1999 abin da ya kai shekara 100 kayan tarihi ne kuma mallakar ƙasa ne, sayar da shi laifi ne. Kabari kuwa kabari ne ko na wane zamani, wasu ma na Musulmi ne 'yan uwanmu suna fuskantar alƙibla. Sannan don Allah a kula da zaiba da ƙurar tawahin, wato injinan niƙa dutse, kar a kai niƙa cikin gida, mun ga yadda dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Mu da muke Saudiyya akwai irin wannan a nan?

Akwai, dutsen ma iri ɗaya ne, Bahar Maliya ce ta raba su. Ma'adinin zinare na Mahd al-Zahab da ke yankin Madina an haƙe shi tun kafin Musulunci da zamanin Abbasiyawa, yana kan hanyar alhazan Iraƙi ta Darb Zubaida, aka sake aiki a cikinsa daga 1939 zuwa 1954, sannan aka kuma buɗewa a 1988. Duwatsun niƙa da tarin kashin ma'adinai na mutanen da su suka ja hankalin injiniyoyin zamani zuwa wurin.

Da yaƙin nan aikin ya tsaya kenan?

Na fili kam ya tsaya a mafi yawan wurare da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ayarin ƙasashen waje sun janye, gidan tarihi na ƙasa a Khartum ma an wawashe shi. Abin da ya rage shi ne sa ido daga sama. Akwai shirin EAMENA da aka fara a Jami'ar Okasfod a 2015 wanda ke tattara bayanan wuraren tarihi na Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka daga hotunan tauraro, kuma irin aikin nan ɗalibi ma zai iya koya da laftof da data: manhajar QGIS kyauta ce, hotunan Sentinel-2 kyauta ne kuma suna sabuntawa duk 'yan kwanaki, sai dai kowane ɗigo nasu mita 10 ne, ba za su nuna maka ɗaki ba amma zasu nuna inda loda ta shiga. Ka zaɓi kwari ɗaya tsakanin Abu Hamad da Wadi Halfa, ka buɗe tsoffin hotunan Google Earth shekara bayan shekara, ka sa alama a duk kufan da ka gani tare da shekarar da ya ɓace in ya ɓace, ka ajiye fayil ɗin da kwanan wata da sunan hoton da ka yi amfani da shi don wani ya iya bin sawunka ya tabbatar.